RAM ɗin saba na ƙarewa duk lokacin da ɗalibai suka fara ɗora takardu

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daren Litinin ban yi barcin kirki ba, a taimaka min da shawara. Akwai shafin neman gurbin karatu da na haɗa wa wata makaranta, Django (manhajar gina shafi) a gaba, databes ɗin PostgreSQL 14 a baya, dukansu a kan saba ɗaya ta haya mai RAM gigabayit 8. Ɗalibi zai cike fom, ya ɗora hotonsa, takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Duk takardun nan cikin databes na zuba su, a ginshiƙi mai nau'in bytea (nau'in da ake ajiye ɗanyen fayil a ciki), a teburin da sunan ɗalibin yake. Wata biyar muna tafiya lafiya lau. Da ranar rufe fom ta matso mutane suka yi ca, sai sabar ta fara faɗuwa. Kuma ba a hankali take sanyi ba, farat ɗaya ne. Na duba log na ga "terminated by signal 9: Killed", kowa ya fita daga shafin, bayan kamar minti guda ta farfaɗo. Jiya kaɗai sau bakwai. Na rage work_mem daga megabayit 16 zuwa 4, ko gezau. Ƙara RAM kuma da dala ake biya, makarantar ta ce ba ta da wannan kuɗin a bana. An ƙara wa'adi zuwa Juma'a ta sama, ina so kafin nan na samu mafita.

Malam Mai Giwa:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya rubuta maka magani, gaya mana girman fayil mafi girma a teburin. Ka nemi max na octet_length a kan ginshiƙin. Kada ka ji tsoro, wannan ba ya ɗauko fayil ɗin, tsawonsa kawai yake karantawa daga ɗan alamar da ke cikin layin. Sannan ka duba dmesg, wato log ɗin kernel, zuciyar Linux, ka faɗa mana wa ya kashe, postgres ko gunicorn mai gudanar da Django.

Baban Ummi:
Malam, na duba, kunya ma ta kama ni. Mafi girma megabayit 41. Masu 20 zuwa 30 kuwa ba a magana. Ni a zatona duk ba za su wuce 2 ba. Wanda ake kashewa kuma yawanci postgres ne, sau biyu gunicorn.

Ɗan Gajimare:
To ai ka gama gano ciwonka da kanka. Wa ya ce maka ana ajiye PDF a databes? Kwashe su ka kai S3, ma'ajiyar fayil ta Amazon, ko ka ɗora MinIO, irinta da ake sa wa a sabar kai, idan ba ka son biyan dala, ka bar adireshin fayil ɗin kawai a tebur. Shi ke nan, a rufe zance. Duk wanda ya ce maka wani abu daban ɓata maka lokaci zai yi.

Maman Sadik:
Ɗan Gajimare, ka fiye gaggawa. Mutum ya ce maka kwana tara ya rage masa, shafin kuma na aiki dare da rana, kai kana ce masa ya sake ginin gida alhali baƙi na ciki. Bari Malam ya yi bayani tukuna.

Malam Mai Giwa:
Ƙanena, work_mem ba shi da hannu a wannan, shi ya sa ka rage shi ba ka ga komai ba. Shi aikinsa jera sakamako da haɗa tebur da tebur. Ba ya iyakance abin da furoses, wato manhajar da ke kan gudana, zai ɗauka idan zai ɗauko fayil.

Ajiyar kanta ba ita ke cin RAM ba. Fayil na kwance a diski kamar dilar atamfa a sito, ba ta tare wa kowa hanya. Matsalar tana farawa ne idan mai saye ya zo, yaron shago ya ciccibo dilar gaba ɗaya ya dire ta a gaban shago. Idan masu saye talatin suka zo lokaci guda, kowa aka kawo masa tasa dilar, ina za ka taka?

Ga lissafin yadda yake. PostgreSQL yana buɗe furoses guda ga kowane haɗi. Idan aka nemi fayil mai megabayit 40, furoses ɗin zai tattaro gutsattsarinsa ya haɗa su wuri ɗaya a RAM, 40 ke nan. Direbanka, psycopg2 mai haɗa Django da databes, a matsayin rubutu yake karɓar amsa, kuma tun daga PostgreSQL 9.0 ana fitar da bytea ne da hex, wato kowane bayit ɗaya ya koma harafi biyu. Ga 80. Sai a kwafi wannan rubutun zuwa cikin saƙon da za a tura ta waya, wani 80 ɗin. Ka ga 200 a kan fayil ɗaya, mutum ɗaya. Mutum 30 a lokaci guda, gigabayit 6. Ɗora shared_buffers ɗinka, ma'ajiyar haɗaka da postgres ke warewa a RAM, a kai, da na san bai gaza 2 ba. Ina sauran na Django da na Linux kansa? Shi ma Django a kan wannan sabar yake, zai karɓi 80 ɗin ya mai da shi 40, ya riƙe.

Wajen ɗorawa ma ya fi muni. psycopg2 yana cusa fayil ɗin ne cikin rubutun INSERT ɗin kansa, ya zama jimla ɗaya mai tsawon megabayit 80. Sabar ta karɓa, mai tantance kalmomi ya yi nasa kwafin, a ciro abin da ke tsakanin alamun zance a sake ajiyewa, kafin a mai da shi bytea. Haura 200 ba wuya.

Abin da ya sa kowa ke fita lokaci guda kuwa: idan kernel ya kashe furoses ɗaya da ƙarfin tsiya, uban gidan, wato babban furoses ɗin postgres, ba zai amince da abin da ke cikin ma'ajiyar haɗaka ba, don mai yiwuwa mamacin yana tsakiyar rubutu aka ɗauke shi. Sai ya kori kowa ya sake tashi daga WAL, kundin da yake fara rubuta kowane canji a ciki. Minti ɗayan da kake gani ke nan.

Baban Ummi:
Innalillahi. Shared_buffers ɗin 2 ne daidai, Malam. Wallahi ni duk tunanina a kan girman databes ɗin yake, ashe ba nan gizo ke saƙa ba.

Ɗan Auta:
Yayyena a yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Malam ya ce "gutsattsarinsa". Ni na ɗauka fayil ɗin a cikin layin ɗalibin yake zaune sukutum. Wa ya gutsuttsura shi?

Malam Mai Giwa:
Tambaya mai kyau, Auta. PostgreSQL yana ajiye bayanai a shafuka masu kilobayit 8, kuma layi ba ya tsallaka shafi. To idan layi ya wuce kamar kilobayit 2, akwai dabarar da ake kira TOAST: a gwada matse babban abin, idan bai isa ba a fitar da shi zuwa wani ɓoyayyen tebur, a yayyanka shi guntu-guntu, kowane guntu ƙasa kaɗan da bayit 2000. A ainihin layin sai a bar 'yar alama mai bayit 18 da ke nuna inda yake. Fayil mai megabayit 40 zai haura guntu 20,000. Amfanin wannan shi ne muddin ba ka ambaci ginshiƙin a tambayarka ba, ba wanda zai je ya taɓa su. Ko ka gyara lambar wayar ɗalibin, ba za a sake rubuta fayil ɗin ba.

Maman Sadik:
Yauwa, nan nake jira a zo. Baban Ummi, faɗa mana gaskiya tsakaninka da Allah: shafin da ma'aikatan makaranta ke buɗewa su ga jerin masu nema, yaya ka rubuta shi? Ba objects.all() ba ne?

Baban Ummi:
Hajiya kin kama ni. Shi ne. Mutum 50 a kowane shafi. Kuma wajen karɓar fayil ɗin read() na kira na zuba a ginshiƙin.

Maman Sadik:
Na sani, don ni ma na taɓa yi. To duk lokacin da wani a ofis ya buɗe jerin nan don kawai ya ga sunaye, ana kwaso takardun mutum 50 gaba ɗaya. Sabar databes ɗin layi-layi take turawa, ita ɗaya take riƙewa a lokaci guda, amma ɓangaren Django sai ya tara duka 50 ɗin a RAM kafin ya nuna ko suna ɗaya. Shi ya sa ka ga an kashe gunicorn sau biyu. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, sa defer() a kan ginshiƙan takardun, ko ka yi amfani da only() ka lissafa waɗanda kake so. Layi ɗaya ne, ba ya buƙatar taɓa databes. Ka duba shafin admin ma, shi ma haka yake yi a ɓoye.

Batun read() kuma, Django ya riga ya yi maka alheri: duk fayil ɗin da ya wuce megabayit 2.5 ba ya riƙe shi a RAM, a fayil na wucin gadi yake saukewa a diski. Kai ne ka je ka ɗauko shi dungurungum. Akwai chunks() don haka.

Na Sabon Gari:
Ni dai shawarata mai sauƙi ce. Ƙara swap (wurin diski da ke tallafa wa RAM) na gigabayit 8, ka sa cron mai gudanar da aiki a kan lokaci ya riƙa sake kunna postgres duk bayan awa uku. Haka nake yi a wajena, ban taɓa samun matsala ba.

Malam Mai Giwa:
Haba Na Sabon Gari. Sake kunnawa yana maganin RAM ɗin da ke yoyo a hankali ne. Nasa ba yoyo ba ne, ambaliya ce ta daƙiƙa goma, da furoses ya gama aiki yake sakin abin da ya ɗauka. Kuma duk sake kunnawa ka kori wanda ke tsakiyar ɗora takarda da datar da ya saya da kuɗinsa. Ɗan swap kaɗan ba laifi ba ne, zai iya hana kisa, amma idan gigabayit 6 suka koma yawo tsakanin RAM da diski, shafin zai yi nauyin da gara ma ya faɗi.

Abin da ya fi dacewa a ɓangaren Linux shi ne vm.overcommit_memory ya zama 2, takardun PostgreSQL da kansu sun kawo wannan. Da shi, furoses ɗin da ya nemi abin da babu za a ce masa babu, tambayarsa kaɗai ta faɗi, sauran mutane su ci gaba. Sai dai a saba irin tasa da Django ke zaune tare, a lissafa overcommit_ratio da kyau kafin a kunna, in ba haka ba za ka ga ana hana RAM alhali akwai.

Ɗan Gajimare:
Duk wannan faci ne kuke yi wa tsohuwar taya. Ku faɗa masa gaskiya: wurin fayil ba databes ba ne. Ko kun gyara RAM, kowane fayil sau biyu ake rubuta shi, a WAL da kuma a tebur. Bakof ɗinsa zai yi ta kumbura. pg_dump ma da hex yake fitar da bytea. Kuma ku gaya masa iyakar nan: a takarda bytea na ɗaukar gigabayit 1, amma da fayil ya wuce kamar rabin haka, ninkin hex ɗin ya haura abin da PostgreSQL ke yarda ya ware a karo ɗaya, sai ka iya zubawa ka kasa fitarwa, bakof ɗin ma ya ƙi. Sannan duk takardar da aka karanta sai ta ratsa shared_buffers, ta ture indes da layukan da ake buƙata kullum. Da fayil ɗin na waje, nginx, manhajar da ke karɓar masu shigowa shafin, zai miƙa shi kai tsaye daga diski, ko S3 ta miƙa, postgres ko labari ba zai ji ba.

Maman Sadik:
Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Bari na ba ku abin da ya same ni a wani wurin da na yi aiki. Takardun ma'aikata na cikin folda, adireshinsu na cikin databes, yadda kake so ɗin nan. Kullum dare ana bakof ɗin databes, kowa hankalinsa kwance. Diski ya mutu ranar wata Asabar. Muka dawo da databes tsaf, layi dubbai, kowanne na nuna fayil ɗin da babu shi a duniya, don wanda ya saita bakof ɗin bai san da foldar ba. Sati uku muna bin mutane ofis-ofis da na'urar sikan. Akwai dattijon da ya ce min takardar ɗaukarsa aiki ta asali gara ta cinye, wadda ke wajenmu ce kaɗai ta rage. Har yau idan na tuna fuskarsa ba na jin daɗi.

Idan fayil na cikin databes, ciniki (transaction) ɗaya ne: ko layi da takarda su shiga tare, ko su fasa tare. Bakof ɗaya, izini ɗaya. Ka fitar da shi, kai ne za ka riƙa haɗa su da hannunka har abada. Ban ce kada a fitar ba. Na ce a san abin da ake saya.

Ɗan Gajimare:
Hajiya, wannan laifin mai bakof ne, ba laifin tsarin ba.

Maman Sadik:
Ƙwarai. Kuma Baban Ummi shi kaɗai ne mai rubuta kod, shi ne mai bakof, shi ne mai ɗaga waya idan magatakarda ya kira. Tsarin da zai yafe masa mantuwa ya fi masa wanda ke jiran ya yi kuskure.

Abu Hanifa:
Ku bari na raba ku da abin da aka auna. A 2006 wasu masu bincike a Microsoft, cikinsu har da Jim Gray, sun gwada wannan tambayar a kan databes ɗin SQL Server da tsarin fayil na NTFS. Abin da suka samu: abin da bai kai kilobayit 256 ba databes ya fi iya riƙe shi, wanda ya haura megabayit 1 kuma tsarin fayil ya fi, tsakanin nan ya danganta da yawan karantawa da sake rubutawa. Na'urori sun canza tun lokacin, kuma ba PostgreSQL suka gwada ba, amma ma'anar na nan: girma ne ke yanke hukunci, ba aƙida ba. Microsoft ɗin ma daga baya sun kawo FILESTREAM a SQL Server 2008, fayil na zaune a diski amma databes ke kula da shi. Hoton fasfo mai kilobayit 60 ba abin da zai yi wa kowa a bytea. PDF mai megabayit 41 shi ne baƙon da ba a gayyata ba.

Ni tambayata ma ita ce, me ya sa takardar haihuwa za ta kai haka?

Baban Ummi:
'Yan kafe ne, Malam Abu. Na buɗe guda biyar na gani. Suna sikan da kala a kan dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, wani ma har da bayan takardar da ba komai a jiki, su haɗa shafi shida a PDF ɗaya. Ni kuma da aka fara ƙorafin fayil na ƙin shiga, sai na buɗe client_max_body_size na nginx daga megabayit 1 zuwa 50 don a bar ni na huta.

Abu Hanifa:
To ka ga ɗan hakin da ka raina. Takardar A4 a kan 600 da kala, kafin a matse ta, ta haura megabayit 100. A kan 200 kashi ɗaya cikin tara ne na wannan, idan ba kala kuma ka sake rabawa uku, bai kai 4 ba tun kafin matsewa, kuma duk hatimi da sa hannu za su fito sarai. Ka mayar da iyaka megabayit 3 ga kowace takarda, ka rubuta a shafin da Hausa da Turanci yadda za a saita sikan ɗin. 'Yan kafe za su yi gunaguni kwana ɗaya su saba. Su ma data suke ƙonawa.

Ɗan Auta:
To waɗanda suka riga suka shiga fa? Ba yadda za a karanta su kaɗan-kaɗan ba sai an ɗauko duka ba? Na ga ana maganar large object.

Malam Mai Giwa:
Akwai hanya uku, kowacce da haƙoranta.

Ta farko, ka yanki yadi maimakon ɗauko dila. substring na aiki a kan bytea: ba ni megabayit 1 daga wuri kaza, ka tura wa mai saukewa, ka dawo ka nemi na gaba. A Django sai ka haɗa da StreamingHttpResponse. Amma yankan yana sauri ne idan ba a matse abin ba, don a lokacin ne PostgreSQL ke zuwa kai tsaye ga guntayen da ake so. Idan a matse yake, sai an warware tun daga farko har zuwa inda kake nema. Shi ya sa ake sa SET STORAGE EXTERNAL a kan ginshiƙin, wato a fitar waje amma kada a matse. JPEG da PDF na sikan ma a matse suke zuwa, ba abin da za a ƙara samu. Ka lura, umarnin ba ya taɓa tsofaffin layuka, sababbi kawai. Sai dai yawancin tsofaffin naka ma za ka tarar ba a matse suke ba, don idan matsewar ba ta rage komai ba PostgreSQL ajiyewa yake yadda abin ya zo. Gwada pg_column_size da octet_length a kan layi ɗaya, idan sun yi kusan daidai ka san amsar.

Ta biyu ita ce wadda Auta ya ambata. Large object kamar fayil yake: ka buɗe, ka karanta kaɗan, ka matsa gaba, ka rubuta kaɗan, duk a cikin ciniki ɗaya. Tun 9.3 yana kaiwa terabayit 4. Wajen ɗorawa ya fi substring, don kana iya zubawa guntu-guntu. Da bytea idan ka ce za ka riƙa liƙa guntu a kan guntu da UPDATE, kowane liƙi sai an sake rubuta abin gaba ɗaya, kada ma ka fara. Amma duk large object na databes ɗin a tebur ɗaya suke taruwa, pg_largeobject. Idan ka goge layin ɗalibi, fayil ɗinsa ba ya bin sa, yana nan maraya sai ka kira lo_unlink ko ka bi da vacuumlo. Kuma logical replication, hanyar kwafe bayanai zuwa wata saba, ba ya kwafar su. Na ga wanda ya gano haka ranar da ya koma sabuwar saba.

Ta uku, ka yi naka teburin guntaye: lambar fayil, lambar guntu, da bytea mai megabayit 1. Dabarar da GridFS na MongoDB ke yi ke nan, su guntunsu kilobayit 255 ne. Tebur ne kamar kowane, goge uwa 'ya'ya su bi ta, kowane irin bakof ya ɗauke shi. Idan dole sai a cikin databes, ni wannan nake zaɓa.

Na MySQL:
Ina gefe ina sauraro. Don masu irin nawa da za su karanta daga baya: mu ma ba mu tsira ba. max_allowed_packet a 8.0 megabayit 64 ne tun daga akwati, kuma kowane haɗi na iya kumbura har can, to ka ninka da yawan haɗinka kafin ka ɗaga shi. LONGBLOB a takarda gigabayit 4 ne, amma saƙo ɗaya ba ya wuce gigabayit 1. Na koma gefe.

Ɗan Gajimare:
Malam Mai Giwa, ka lissafa hanya uku na wahala don kawai kada ka ce na yi gaskiya.

Malam Mai Giwa:
Ka yi gaskiya mana, a wata mai zuwa. Idan an rufe fom ya zauna ya fitar da manyan, ni ma abin da zan ce masa ke nan. Amma ya yi shi da tsari. A fara rubuta fayil, a tabbatar ya sauka, sannan a rubuta layin. Wajen gogewa a juya: layi ya fara tafiya, fayil daga baya. Ta haka mafi munin abin da zai faru shi ne fayil maraya, wanda shara ce kawai, ba layi mai nuna babu ba. A sa wa fayil suna da SHA-256 ɗinsa, a ajiye wannan a tebur, sai ya zama kana iya bi kana tantancewa, kuma ɗalibin da ya ɗora takarda ɗaya sau huɗu don netwok na yanke masa, sau ɗaya za ta zauna. Kada foldar ta kasance inda kowa zai iya buɗewa da adireshi. Django ya duba izini, ya miƙa wa nginx da X-Accel-Redirect, ko idan S3 ce a ba da adireshi mai sa hannu da ke mutuwa bayan 'yan mintoci. Takardun haihuwar 'ya'yan mutane ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya.

Maman Sadik:
A ƙara da: bakof ɗin foldar ya shiga cikin aikin dare ɗaya da na databes, kuma a gwada dawo da su tare a wata na'ura aƙalla sau ɗaya. Idan ya yi wannan na janye ƙarata.

Baban Ummi:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Ga abin da na yi daren jiya bayan sallar isha'i. Na sa defer() a jerin ma'aikata da na admin. Na mayar da iyakar ɗorawa megabayit 3, na rubuta bayanin sikan a saman fom ɗin. Saukewa kuma na mai da shi substring, megabayit ɗai-ɗai, na sa EXTERNAL. Na duba kamar yadda Malam ya ce, tsofaffin duk ba a matse suke ba. Ma'aikatan gunicorn da na ƙara zuwa 30 ranar Talata don ina ganin shi ne maganin cunkoso, na dawo da su 8. Yau tun safe ba ta faɗi ba, kuma mutane sun fi na jiya. Ina kallon htop kamar mai gadin jinya, RAM bai haura gigabayit 4 ba. Wani mai kafe ya samo lambata ya yi min faɗa, na yi masa bayanin 200 ɗin, ya ce ai bai san ana canzawa ba.

Na so na koma psycopg 3 don na ji yana iya tura fayil ɗanye ba tare da hex ba. Yana da amfani yanzu?

Malam Mai Giwa:
Yana iyawa, Django kuma ya karɓe shi tun 4.2. Amma ko ka canza, Django zai ci gaba da cusa bayanan cikin rubutun tambaya sai ka kunna server_side_binding da kanka. Da iyakar megabayit 3 ribar ba ta kai kasadar canza direba ana tsakiyar karɓar fom ba. Bar shi sai bayan Juma'a.

Wani abu da za ka tarar idan ka zo fitar da fayilolin: ko ka mai da ginshiƙin babu komai, ba lallai ne diskin ya dawo maka ba. VACUUM na yau da kullum, mai share matattun layuka, yawanci yana buɗe wurin ne don teburin ya sake amfani da shi. VACUUM FULL ke mayar wa Linux, shi kuma yana kulle teburin har ya gama, yana kuma buƙatar wurin da zai rubuta sabon kwafi. Ka fara kwashewa, ka tantance, sannan ka yi shi da dare.

Ɗan Gajimare:
Idan ka tashi kwashewar ka yi min magana, ina da ɗan kod ɗin da na yi irin wannan da shi, layi-layi yake bi yana duba SHA-256 kafin ya goge. Ba sai ka biya ba, ka dai rubuta a nan cewa S3 ta yi nasara.

Maman Sadik:
Kada ya goge komai sai na ga hoton bakof ɗin da aka dawo da shi.

Baban Ummi:
Na ji, Hajiya. Ɗan Gajimare turo, amma a diskin sabar zan fara ajiyewa, makarantar ba ta da katin dala. Saura ɗari da wani abu masu manyan fayil da aka ɗora kafin jiya, magatakarda ya ce kada a ce su sake, haka za a tantance su.